Abin da Ke Cikin Idon Rago



Mu da muka taso ana babbake kan rago washegarin Babbar Sallah, mun san yadda yara ke rububin ido. Idan wani mai ƙarfin hali ya fasa ɗanyensa, sai wani ruwa mai yauƙi, garau kamar gilashi, ya zubo. Mukan yamutsa fuska mu goge hannu a bango. Ba mu taɓa tambayar ko mene ne ba.

Wasu sun tambaya. A 1934, Karl Meyer da John Palmer na Jami'ar Kolombiya a Amurka suka tace irin wannan ruwa daga idon shanu, suka ware sinadarin da suka sa wa suna hayaluronik asid, daga kalmar Girkanci mai nufin gilashi. Dangin sukari ne, amma ba na shayi ba. Dubban ƙwayoyin sukari ne a jere kamar carbi, suna riƙe ruwa. Fiye da kashi 98 cikin 100 na wannan yauƙin ruwa ne zalla.

A fatar gaban ido da haske ke ratsawa akwai wani carbin, keratan salfet, mai taimakawa wajen daidaita tazarar zarurrukan da suka saƙa fatar. Idan jerin ya lalace, sai hazo ya rufe gani.

Irin wannan carbi ne ya shimfiɗu a cikin bangon hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa kamar gansakuka a bakin rijiya, yana taya tace abin da zai fita daga jini. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na zaizaye wannan shimfiɗa. Jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga sukan manne a ƙananan hanyoyin, sai yaro ya kama jijjiga ko ya suma.

A nan abin ya shafe mu. Sau nawa muka rubuta cewa idanun jarumarmu dara-dara ne farare tas? Sau nawa kuma yaro ya sanƙare a labarinmu muka ɗora wa iska, aka kunna turare, ba wanda ya ambaci asibiti? Wata uwa na karanta mu da dare, ɗanta na kwance gefenta jikinsa rau da zafi. Abin da jarumarmu ta yi shi za ta fara tunawa.

Ba mu ce kowa ya koma likita ba. Mu dai riƙa tambaya kafin mu goge hannu a bango.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.