Lambu Cikin Buhu: Abin Da Muka Gani A Rawayau

Cikin watan Disamba, sa'ad da hunturu ya kankama, muka kai ziyara Rawayau. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Kurfi, maƙwabciyar Dutsin-Ma, a tsakiyar Jihar Katsina. Daga Dutsin-Ma muka tashi da sassafe, hazo ya rufe duwatsun garin har da kyar ake hangensu. A hanya ba abin da muka gani sai gonaki da aka riga aka girbe, da kara a tattare, da awaki suna kala. Gawo ne kaɗai yake da ɗanyen ganye, gama shi da rani yake tohuwa. A wannan ƙasa ruwa yakan sauka wajen watan Yuni, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Daga nan sai busasshiyar kuka da busasshiyar kuɓewa su riƙe tukunya har wata damina.

Saboda haka muka yi mamaki da matanmu suka shiga cikin gidan da aka saukar da mu, suka fito suna kiranmu mu zo mu gani. Maigida ya yi mana izini muka shiga. Ashe gindin katanga, daga bakin madafi har bayan rumbu, kore ne shar. Ga alayyahu cikin buhunan siminti, ga yakuwa cikin fasasshiyar randa, ga attaruhu cikin jarkar da aka yanke mata kai, ga albasa mai lawashi cikin tsohon daro. Tumatir guda shida suna tsaye cikin buhunan taki, an ɗaure kowanne a jikin kara.

Muka ce wa uwargida, "Sannu da aiki, Inna." Ta amsa, ta shimfiɗa mana tabarma, sa'an nan muka tambaye ta abin da ya sa ta fara wannan.

Dalilin farko, in ji ta, tsada ce. Ta tuna mana da shekara ta 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Katsina da Kaduna, har tumatir ya gagari talaka. Dalili na biyu ya fi nauyi. Shekaru da dama 'yan bindiga sun addabi wannan yanki, har a watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13 na jihar, Kurfi da Dutsin-Ma suna ciki. A irin wannan hali mutum yakan yi tunani sau biyu kafin ya aiki yaro fadama mai nisa. Gaskiya ne akwai madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, wadda aka gama a 1983, amma ba kowa ne yake da fili a bakin ruwa ba. Ita kuwa Inna tana da yara da jikoki, miya kuma ba ta jira. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Muka roƙe ta ta nuna mana yadda take yi, gama mu ma mun taɓa gwadawa a gida ba mu ci nasara ba. Mun shuka tumatir cikin bokiti, muna ta ba shi ruwa, sai ya yi rawaya ya mutu. Da muka faɗa mata, ta yi dariya ta tambaye mu ko mun huda gindin bokitin. Ba mu huda ba. Ruwa ne ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Wannan ita ce doka ta farko: kowane mazubi a huda shi daga ƙasa, a zuba tsakuwa ko tsingaro kafin a zuba ƙasa.

Doka ta biyu ita ce haɗin ƙasa. Ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa, ba ta kuwa da ƙarfi sosai. Takan auna kwano biyu na ƙasa, kwano ɗaya na takin awaki ko na shanu wanda ya riga ya ruɓe, ta barbaɗa toka kaɗan, ta gauraya. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yakan ƙone tsiro. Alayyahu da latas ba su bukatar zurfi, tsawon taƙi ɗaya ya isa. Amma tumatir da attaruhu da kuɓewa suna son buhu ko babban bokiti, kowanne tsiro ɗaya, ko biyu in buhun babba ne.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce mai wuya a garin da ake jan guga. Ba ta zubar da ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye ko hannu. Duk a bokiti ɗaya ake tarawa, a ba shuka da safe da yamma. Amma ruwan da yake da sabulu mai yawa ko gishiri ba ta yarda ya taɓa su ba. Takan kuma rufe bakin buhu da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa domin laima ta daɗe. Ta ce da hunturu aikin yana da sauƙi, tumatir da latas da albasa suna son sanyi. Da bazara kuwa zafi yakan kakkaɓe furen tumatir, sai ta koma ga alayyahu da rama da kuɓewa, ta ja buhunan zuwa inda inuwa ke sauka da azahar. Wannan ita ce fa'idar buhu a kan gona: ana iya ɗaga shi.

Abokan gāba uku ne: awaki, kaji da ƙwari. Na farko da na biyu, zana da ƙaya sun ishe su. Domin ƙwari, takan daka 'ya'yan bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, ta jiƙa su kwana ɗaya, ta tace, ta yayyafa da yamma. Ta kuma ja mana kunne, kada a shuka abin ci cikin jarkar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin mai.

Ribar fa? Alayyahu yakan isa tsinka cikin mako uku zuwa huɗu, in an yanke shi daga sama kuwa yakan sāke toho. Kuɓewa takan fara 'ya'ya wajen wata biyu. Buhu ba zai cika rumbu ba, ba kuwa zai maye gurbin gona ba. Amma ɗanyen ganye yana gina jikin yara, yana taimakon mai ciki da mai goyo wajen ƙarin jini. Kuɗin cefane yakan ragu, abin da ya saura kuma maƙwabta sukan aiko yara su saya. Mun ga wata jikarta, ba ta wuce shekara takwas ba, tana da gwangwaninta na albasa, ba mai taɓa mata shi.

Manyanmu za su tuna da 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, aka ce kowa ya yi lambu a bayan gidansa. Shirin ya wuce, amma shawarar ba ta tsufa ba.

Da rana aka kawo mana tuwon dawa da miyar taushe, alayyahun da yakuwar duk daga gindin katangar nan. Da za mu tashi Inna ta ƙulle mana irin alayyahu cikin tsumma. Mun shuka shi a gida, wannan karo kuwa mun huda bokitin.

Ya ku masu karatu, ko a gidan haya kuke, ku duba bayan ɗaki. Akwai tsohon buhu ko bokitin da ya fashe? Ku fara da guda biyu a wannan mako, ku sa yara su riƙa ba su ruwa.