Yara da Masu Ɗaukar Hoto a Gasar Mutum-mutumi

A cikin watan Yuli na shekarar 2017 aka yi wani babban taro a Washington, babban birnin Amurka. 'Yan makaranta ne suka taru daga ƙasashe fiye da 150, samari da 'yan mata, yawancinsu ba su wuce shekara 18 ba. Ƙungiyoyi 163 suka zo, har da ta Nijeriya, kowace kuwa da mutum-mutumin da ta haɗa. Sunan gasar FIRST Global, wannan kuma shi ne karo na farko da aka yi ta.

Kada ku ji an ce mutum-mutumi ku zaci wani abu ne mai kai da ƙafafu. Wata 'yar na'ura ce mai tayoyi, girmanta kamar ƙaramin akwati. Tana da batir, da 'yan injuna, da 'yar kwamfuta a ciki. Yaro yakan tsaya a gefe yana tuƙa ta da wani abu mai maɓallai a hannunsa. Tun gasar tana da sauran watanni aka aika wa ƙungiyoyi akwatunan kaya iri ɗaya, watau ƙarafa da tayoyi da wayoyi da noti da sukuru, don kada ɗan ƙasa mai arziki ya fi ɗan ƙasa matalauciya da kayan aiki. In ya fi shi, to, da dabara ya fi shi.

Ga wasan da aka ba su. An shirya fili an kamanta shi da kogi, an zuba ƙwallaye a ciki. Shuɗɗan ƙwallaye su ne ruwa mai tsabta, masu ruwan lemo su ne ƙazanta. Aikin mutum-mutumi ya kwashe su, ya rarrabe, ya kai kowane iri wurinsa. Minti biyu da rabi ake ba su, shi ke nan.

Mutumin da ya ƙago gasar sunansa Dean Kamen, wani Ba'amurke ne mai ƙirƙire-ƙirƙire. Ya lura yara suna sanin sunayen 'yan ƙwallo da mawaƙa, amma ba su san sunan mai ƙera inji ko ɗaya ba. Sai ya ga ya kamata a yi wa masu ƙira irin bikin da ake yi wa 'yan wasa, da tutoci da kiɗa da tafi. Don haka ne ranar Lahadi, 16 ga wata, aka buɗe taron kamar yadda ake buɗe wasannin Olamfik. Ana kiran sunan ƙasa, sai yaranta su shigo zaure da tutarsu, waɗansu cikin tufafin gargajiyarsu.

Ku tuna su wane ne waɗannan yara. Ba 'yan wasa ba ne da suka saba da taron jama'a. Irin yaran nan ne da in an tashi daga makaranta sukan tsaya a aji suna kwance wani abu suna sake ɗaurawa, har a riƙa ce musu masu ɓata lokaci. Yau ga su a ƙasar wasu, an kira sunan ƙasarsu da babbar murya, su ne kuma ke riƙe da tuta. Ba su ci kome ba tukuna, ba a ma fara wasa ba, amma wanda ya dubi fuskokinsu ya san abin da suka zo nema sun sami rabinsa a daren nan.

Amma tafin bai zo daidai ba. Da aka kira Afganistan, sai zauren ya kaure da sowa. Ga dalili.

'Yan mata shida ne suka fito daga Herat, wani birni a yammacin Afganistan. Kafin mutum ya shiga Amurka sai ya sami biza, watau izinin shiga da ake buga masa a fasfo. A lokacin, ofishin da ke ba da ita yana Kabul, tafiyar wajen mil 500 daga garinsu, ƙasar kuwa ana yaƙi a cikinta. Suka je, aka hana su. Suka sake komawa, aka sake hana su. Har suka haƙura, suka aika da mutum-mutuminsu shi kaɗai, da nufin su kalli wasan daga gida. Sai 'yan jarida suka ji labari, suka baza shi duniya. Surutu ya yi yawa, har ya kai kunnen Donald Trump, Shugaban Amurka na lokacin, ya sa baki aka bar su suka shigo, gasar tana sauran 'yan kwanaki.

To, a nan dole a yaba wa 'yan jarida. Ba don su ba, da 'yan matan nan ba su taka zauren ba. Su kansu 'yan matan sun yi amfani da wannan dama, suka riƙa faɗa wa duk wanda ya tambaye su cewa sun zo ne su nuna 'ya mace ta Afganistan tana iya ƙira kamar kowa. Magana ce mai nauyi, gama a ƙasarsu akwai masu ganin bai kamata mace ta je makaranta ba ma.

Sai dai kowane alheri da wahalarsa. Tun daga filin jirgin sama masu ɗaukar hoto suka yi musu caa, haka kuma a zauren gasa. Su kuwa aiki ne a gabansu. Kayansu sun makara a hanya, mako biyu kaɗai suka samu suka haɗa mutum-mutuminsu, alhali waɗansu sun sami watanni. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin zura zare a allura mutane goma suna leƙensa, ya san yadda hannu ke rawa. Yarinya tana son ta ɗaure noti kafin a kira su fili, ga wani ya miƙo mata abin ɗaukar magana yana yi mata tambayar da ta riga ta amsa tun safe. Ranar ƙarshe ma Ivanka, 'yar Shugaba Trump, ta zo ta gaisa da su, masu hoto suka ƙara cika wurin.

Yanzu ku dubi sauran tebura. Akwai yara biyar daga Gambiya, wata 'yar ƙasa a Afirka ta Yamma. Su ma an hana su biza da fari, sai daga baya aka ba su. Wahala ɗaya suka sha da 'yan Afganistan, amma labarinsu bai yi rabin ƙarar wancan ba. Akwai kuma ƙungiyar yara 'yan gudun hijira daga Siriya, waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. Akwai sauran ɗari da wani abu da babu wata masifa a labarinsu, sun dai yi aiki ne kurum, dare da rana. Yaron da ya yi watanni yana gyaran hannun mutum-mutuminsa har ya iya ɗaukar ƙwallo, in ya ga mai hoto ya ratsa ta gaban teburinsa bai ko waiwaya ba, ransa zai sosu. Wannan ba hassada ba ce. Yana so ne mahaifiyarsa ta gan shi a talabijin, ba laifi kuwa a so haka.

Abin da ya rage wannan ɓacin rai shi ne yadda aka tsara wasan. Ba a barin ƙasa ta yi wasa ita kaɗai. Ƙasashe uku ake haɗawa gefe guda su kara da waɗansu uku, in an sake zagaye kuma a sake haɗi. Wanda kuka kara da shi da safe, da la'asar yana iya zama abokin tafiyarka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka dole yaro ya tashi ya nemi teburin abokan haɗinsa, su shirya wa zai kwashi ƙwallo, wa zai kai. In harshe bai zo ɗaya ba, a yi da hannu, ko a zana a takarda. In mutum-mutumin abokinka ya lalace, kai ma ka faɗi, don haka ka ɗauki sufanarka ka je ka taya shi. Irin wannan ba ya kyau a hoto. Kawuna ne kawai a sunkuye bisa tebur.

Ranar Talata, 18 ga wata, aka rufe taro aka raba lambobi. Wata ƙungiya da ke wakiltar nahiyar Turai ita ta fi kowa maki, ta karɓi lambar zinariya. Poland ta zo ta biyu, Armeniya ta uku. Akwai kuma lambar jaruntaka, wadda ake ba waɗanda suka daure wa wahala. A nan 'yan matan Afganistan suka sami ta azurfa, labari ya zaga duniya nan da nan. To, wa ya sami ta zinariya? Yaran Sudan ta Kudu ne, ƙasar da ta sami mulkin kanta a 2011, yaƙin basasa kuma ya ɓarke a cikinta a 2013. Sai mai karatu ya gangara can ƙasan shafi kafin ya ga sunansu, in ma an sa.

Kafin a gama murna sai ga wani labari. A daren da aka rufe taro aka nemi yara shida na ƙasar Burundi aka rasa, maza huɗu da mata biyu. Ƙasarsu tana cikin rikici tun 2015. 'Yan sanda suka ce an ga biyu daga cikinsu sun ƙetara Kanada. Nan take jaridu suka juya kan wannan. Wanda ke karatu daga nesa sai ya zaci abu biyu kaɗai aka yi a Washington, waɗansu sun sha wuya kafin su shiga, waɗansu sun ƙi komawa. Gani ya kori ji: waɗanda suka kwana uku a zauren sun san an yi fiye da haka.

Ga ɗaya daga cikin abubuwan da aka yi. Tsakanin gwamnatin Amurka da ta Iran akwai tsohuwar gaba, har doka ta hana a aika irin waɗannan kaya zuwa Iran. Saboda haka akwatin yaran Iran bai je musu ba. Sai waɗansu 'yan makarantar sakandare a jihar Virginia, kusa da Washington, suka karɓi akwatin a madadinsu. Yaran Iran suna zana yadda suke so a kwamfuta suna aikowa ta intanet, su kuma waɗannan suna haɗawa. In wani abu ya ƙi, sai su kira juna ta wayar da ake ganin fuska, a nuna musu, su ce a matsa wannan ƙarfe, a sauya wancan. Ga shi kuwa in rana ta take a Virginia, a Iran dare ya soma yi. Haka suka yi ta yi har aka gama. Sai da yaran Iran suka sauka Amurka kana suka fara ɗora hannu a kan abin da suka zana, suka shiga koyon tuƙa shi, ga ranar gasa ta matso.