Shaihu Umar: Tsakanin Littafi da Fim

A zangon Sokode da na Dapaong, mu ɗaliban Hausa fim muka fi sabawa da shi, masu karatun littafi kuwa ƙalilan ne. Shi ya sa nake so mu dubi Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, aka buga a 1934, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976.

Fim ɗin ya nuna wa idona abin da alƙalami ya taƙaita: suturar mutanen da, da wahalar ƙetare hamada. Amma a littafin, kalmomin Shaihu kaɗai gare mu. Yana ba almajiransa labarin yadda aka sace shi yana yaro, ya girma a ƙasar Larabawa, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ta faɗa bauta, kuma bai ɗaga murya ba. Haƙurinsa yana cikin ginin jimlolinsa, mai kallo kuwa hoto ke ɗauke masa hankali daga gare su.

Mu da Hausarmu ta gauraya da Faransanci da Kotokoli, waɗannan jimlolin muke bukata. Ku fara karanta littafin, sannan ku kalli fim.