Bangayen Dakar masu magana

Baƙon da ya sauka Dakar, babban birnin Senegal, zane yake fara gani. Motocin haya da ake kira kar-rapid, shuɗi da ruwan ɗorawa, an rubuta musu Alhamdulillahi ga goshi. Cikin unguwar Medina, mata na saida kihi da gujiya ƙalƙashin hoton Shehu Amadu Bamba.

Zanen nan ya yawaita a 1990. Shara ta cika hanyoyi, sai samari suka tashi da aikin gayya mai suna Set Setal, watau tsabta. Suka share unguwanni, suka zana malamai da gargaɗin lahiya bisa bango. A 2020, lokacin korona, an zana yadda ake wanke hannu. Wanda bai iya karatu ba ma ya gane.