Abincin da Ba Nama a Zangon Akra: Daga New Town Zuwa Nima da Maamobi

A wannan fitowa filinmu na tafiye-tafiye ya yada zango a Akra, babban birnin ƙasar Gana, wanda tsofaffin fatake ke kira Ankara. Mun zagaya unguwannin New Town da Nima da Maamobi riƙe da tambaya guda: mutumin da ba ya cin nama, ko kifi, ko ƙwai, ko nono, idan ya fita cin abinci a waɗannan unguwanni, me zai samu ya ci ya ƙoshi?

Wani zai ce wannan ai tambayar Turawa ce. Da can haka ne, domin a Ingila aka raɗa wa masu irin wannan ci suna bigan a shekarar 1944, wato waɗanda suka ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, har zuma. Amma yau maganar ta shigo gidajenmu. Akwai dattijon da likita ya ce ya rage nama saboda hawan jini ko ciwon gaɓɓai. Akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar kifi ko jatan lande, da ya ci sai kumburi da sarƙewar numfashi. Akwai 'ya'yanmu da suka tashi a Faransa ko Amurka suka zo hutu da sabuwar ɗabi'ar ci. Har ila yau akwai baƙi, musamman tun 2019 da gwamnatin Gana ta gayyaci jikokin bayin da aka kwashe zuwa Amurka su ziyarci ƙasar, shekara 400 bayan an sauke wasu bayin Afirka a Bajiniya a 1619. Duk waɗannan suna iya zama baƙin wani daga cikinmu, kuma mai masauki ba ya son baƙonsa ya kwana da yunwa.

Abin da muka gani shi ne, irin wannan abinci yana nan jibge a Zango, domin shi ne cimar kakanninmu tun fil azal: gero da wake da gyaɗa da ganye. Wahalar tana wajen miya, inda kifi ke ɓuya. Wanda ya san abin da zai tambaya, ya huta.

Unguwannin da muka shiga

Daga babban shataletalen Kwame Nkrumah mutum zai hau ƙaramar motar haya da suke kira torotoro, ya ratsa Kokomlemle, ya wuce kasuwar Malam Atta, sai ga shi a New Town. A da ana kiran unguwar Lagos Town saboda yawan mutanen Nijeriya da ke cikinta, kafin dokar korar baƙi ta 1969 a zamanin Busia ta sa da yawa suka koma gida. Gabas da ita Nima take, wadda ta tashi a shekarun 1930 a filin da Malam Amadu Futa, wani mai fataucin shanu, ya samu daga hannun mutanen Ga. Maamobi tana manne da Nima ta arewa. Ta gefen Kanda kuma ana hango hasumiyoyin babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 2021.

Mazauna wurin ƙabilu ne barkatai: Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Mosawa, Dagwamba, Kotokoli, Wangarawa, Yarbawa da sauransu. Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da bakin masallaci, ko da yake Hausar tasu ta sha ruwan Gana. A kasuwar Nima, musamman ranar Laraba, mun ga buhunan gero da dawa da wake da suka sauko daga arewa, ga albasar Galmi daga Nijar, ga daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da kanwa, ga citta da kanumfari da kimba da masoro. Bamaraɗe ko Bakatsine da ya shiga wannan layi zai ɗauka gida yake.

Karin kumallo

Da an sallame sallar asuba mata ke fitowa da manyan tukwanen koko a bakin titi. Duk faɗin Gana sunansa Hausa koko, kuma mai zuwa ofis da ɗan makaranta da direba duk layi ɗaya suke bi. Gero ne aka jiƙa ya yi tsami, aka niƙa da citta da kanumfari da barkono, babu komai na dabba a ciki. Sai dai wasu suna tsiyaya madarar gwangwani a kai, don haka a ce a bar shi haka nan, a zuba sukari da soyayyar gyaɗa. Abokin tafiyarsa ƙosai ne, su kuma suna cewa koose. Wake ne da albasa da barkono, amma a Akra akwai masu fasa ƙwai a cikin ƙullun idan mai saye ya nema, saboda haka a tabbatar an ɗebo daga wanda ba a taɓa ba. Akwai masa, akwai funkaso da suke kira pinkaso. Fanke da burodi ne ake ɗan dakatawa a kansu, domin wasu masu yi suna sa madara ko ƙwai ko man shanu.

Shinkafa da wake, sarauniyar rana

Abincin da ya fi kowane suna a Zango shi ne wace, wanda ake rubutawa waakye. Sunan daga kalmarmu ta wake ya fito. Shinkafa da wake ne aka dafa da karan dafi da 'yar kanwa, shi ya sa yake fitowa jaja-jaja, kuma masu son na gargajiya a cikin faffaɗan ɗanyen ganye ake naɗe musu. Kusan duk mai sayar da shi, ko mene ne sunanta na yanka, Hajiya ake ce mata ko Amariya.

Shi kansa wace tsiro ne zalla. Kayan rakiya ne ke da magana. A kan teburin Hajiya za a ga taliya, garin rogo da aka murza da mai, soyayyar agada, fiya, kabeji da tumatir, dafaffen ƙwai, soyayyen kifi, nama, da ganda wadda suke kira wele. Sai jar miya da baƙin yaji mai suna shito. To, a nan ake tuntuɓe. Jar miyar a cikinta naman ya dahu. Garin rogon sau da yawa da man saman miyar ake murza shi. Shi kuwa shito, da garin busasshen kifi da jatan lande ake soya shi har ya yi baƙi. Mai ƙaurace wa dabba sai ya ce a zuba masa wace da taliya da agada da fiya da ganye, ya nemi ɗanyen barkono da aka niƙa da tumatir da albasa, in akwai. Kwanon ya cika, kuma wake da shinkafa in sun haɗu suna ba jiki sinadarin gina jiki mai kyau, kamar yadda masana abinci suka tabbatar.

Ƙanin wace shi ne gobe. In an ce maka gobe a Akra, kada ka zaci an ɗaga maka cin ne zuwa wata rana: dafaffen wake ne da manja da garin rogo da soyayyar agada, abincin leburori da ɗalibai, mai riƙe ciki har magariba. A tambaya kawai ko an ƙamsasa manjan da kifi. Ɗan uwansa, miyar wake da manja da ake ci da agada, galibi ba ya rasa kifi mai hayaƙi.

Inda kifi ke ɓuya

Akra gari ne na bakin teku, kuma a wurin mai girki a nan kifi kayan ƙamshi ne, kamar yadda daddawa take a wurinmu. Akwai momoni, kifin da aka bari ya ruɓa da gishiri, ɗan guntunsa ke narkewa a mai ya bar ƙamshi. Akwai koobi, busasshiyar karfasa mai gishiri. Akwai ƙananan busassun kifaye da ake yi wa laƙabi da 'yan makarantar Keta, akwai garin jatan lande, har dunƙulen ɗanɗano ma akwai mai jatan lande da mai kaza. Saboda haka idan mai abinci ta ce miyarta ba nama, gaskiya ta faɗa, domin a lissafinta garin kifi ba nama ba ne. Ga yadda zancen ya kamata ya tafi:

"Sannu da aiki, Hajiya. Don Allah akwai nama a miyar nan?"

"Babu, ɗana, ganye ne kawai."

"To Hajiya, garin kifi fa, ko momoni, ko jatan lande? Baƙona ne jikinsa ba ya so."

"Af, ai da ka ce haka. An sa kaɗan. Bari in niƙa masa barkono."

Mai tambaya ba ya ɓata. Abin lura, a yi tambayar da ladabi, bayan gaisuwa, a kuma kauce wa lokacin da layi ya yi tsawo.

Wannan ita ce matsalar tuwo zafi, abincin da Zango ke alfahari da shi. Tuwon masara ne da garin rogo, mai laushi ƙwarai, ana cinsa da miyar ayoyo, wato lalo. Tuwon lafiya lau, amma ayoyon da wuya a same shi ba garin kifi, sannan a kwarara jar miyar nama a kai. Haka miyar gyaɗa da ake ci da tuwon shinkafa ranar Lahadi, da miyar 'ya'yan kwakwar manja, da miyar ganyen gwaza mai suna kontomire: tun farkon ɗora tukunya ake sa nama ko kifi, tsame tsoka ba ya fitar da romo. Wanda yake son waɗannan, hanya ita ce ya yi magana da mai gidan abinci tun jiya, ta ware masa 'yar tukunya da daddawa da agushi. Matan Zango sun iya, domin haka iyayensu suka yi miya a arewa lokacin da nama sai ranar kasuwa ko ranar Salla.

Abin taɓawa da abin sha

Da la'asar zuwa dare zaɓi yana ƙara yawa. Ga tubani na garin wake da ake zuba wa mai da yaji da albasa. Ga wasa-wasa na garin doya, a ce kada a sa shito da kifi. Ga dokunu, wanda mutanen Ga ke kira komi, ƙullun masara mai tsami da aka dafa a cikin ɓawonta, a ci da ɗanyen barkono da fiya. Ga kelewele, nunanniyar agada da aka cuɗa da citta da barkono aka soya, ana haɗa ta da gyaɗa. Ga gasasshiyar agada, ga ƙuli-ƙuli da dakuwa, ga ɗanyar kwakwa a baro a kowace kusurwa, a sare maka ka sha ruwan ka kankare farin cikinta. Zoɓo a nan sobolo ne, kuma akwai lamurje da kunun aya. Burkina kuwa, wato gero da nono, da fura da nono, da cukun wagashi, duk na masu shan nono ne.

Idan an fita daga Zango

A manyan gidajen abinci na Osu da kewayen filin jirgin sama ana kawo takardar jerin abinci, kuma ma'aikata sun saba da baƙi masu irin wannan buƙata. Akwai gidajen abincin Indiyawa, inda girkin ganye da wake yake da yawa, sai dai a tambayi man shanu da madara. Akwai na Labanawa masu ƙosan falafel da niƙaƙƙen wake da riɗi. 'Yan Rasta ma suna da nasu girki marar nama da suke kira ital. Dafa-dukar shinkafa kuwa, ko ba a ga tsoka a kai ba, yawanci da romon kaza aka dafa ta, kuma haɗin ganyen Gana yana zuwa da ƙwai da kifin gwangwani.

A nan ne wannan ilimi ke amfanar kowa, har mai cin nama. A cikin Zango mahauta namu ne, babu shakkar yanka. A wajensa kuwa akwai rumfunan da ke sayar da alade da naman daji, kuma matafiyin da bai san waye ya yanka ba, in ya koma ga wake da doya da agada ya fita daga shubuha. Sharaɗi ɗaya ne: ya duba man suya, domin sau da yawa kasko ɗaya ke soya doya da nama.

Nasiha ga mai masauki da baƙo

Nama halal ne, ni'ima ce daga Allah, kuma wanda ya bar shi don lafiya ko don ra'ayinsa bai da ikon haramta wa wani. Haka shi ma ba a mayar da shi abin dariya, ba a kuma ɓoye masa kifi a miya a ce ai ba zai gane ba. Wannan ha'inci ne, ga mai ciwon da jikinsa ke ƙin kifi kuwa yana iya kai shi gadon asibiti. Baƙo ya sanar da wuri, kafin uwargida ta yanka kaza dominsa, ya kuma yi godiya a kan abin da aka kawo. Sannan duk wanda ya yanke shawarar barin nama da ƙwai da nono gaba ɗaya, ya sani bitamin B12 ba ya samuwa yadda ya kamata a tsiro, sai an sha ƙwayarsa. Masu juna biyu da masu shayarwa da ƙananan yara su nemi shawarar likita tukuna.

Matafiyin da Allah ya kai Akra, ya sauka New Town ko Nima ko Maamobi da kwanciyar hankali. Koko da ƙosai da safe, wace ko gobe da rana, tubani ko dokunu da dare, ga sobolo mai sanyi a kai. Ya gaida Hajiya, ya tambayi miya, ya ce a bar shito. Allah ya sa albarka a abin da muke ci, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya.