Mariƙin Zarton Kawu

Ranar da na sauko da akwatin kayan aikin Kawu daga saman shagonmu da ke unguwar Sukra, a birnin Sabha, kwana uku ke nan wutar lantarki ba ta zauna ba. Mai gidan da muke haya a wurinsa ya ba ni aikin ƙofofi biyu na ɗakin ɗansa, biki saura mako biyu. Zarton lantarki yana jingine ba amfani, man janareto kuma ya yi tsadar da in na saya ba abin da zai rage mini na lada. Sai na tuna da tsohon zarton hannu da na ajiye tun bayan da Kawu ya koma Damagaram jinya, inda Allah ya yi masa rasuwa.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ya ɗauke ni ina ɗan shekara shida. Shi ya sa ni makarantar allo, shi ya koya mini aikin kafinta, shi kuma ya aiko mini da kuɗin mota na biyo hanyar Agadas, Dirku, Madama da Gaturun na same shi a Sabha. Ban taɓa ganin ya bar wani ya yi yanka da zarton nan ba, har da ni.

Da na buɗe akwatin sai jikina ya yi sanyi. A Fezzan ƙarfe ba ya saurin lalacewa, domin shekara takan zagayo ba a ga ruwan sama na kirki ba. Itace ne ke shan wahala: iskar gibli mai zafi takan tsotse shi har ya tsage. Amma ni na haɗa wa zarton masifa biyu, gama na ajiye akwatin kusa da tankin ruwa mai yoyo. Tsatsa ta ci ƙarfen tun daga baki har gindi, mariƙin ya bushe yana girgiɗi, ƙahonsa na sama ya karye. Sakacina ne ya jawo haka, ba na wani ba.

Na fara da ƙarfen. Na jiƙa kusoshin tagulla huɗu da ke riƙe da mariƙin da kananzir, na bar su suka kwana, sa'an nan suka kwance. A kan babban cikinsu na karanta Spear & Jackson, kamfanin birnin Sheffield na Ingila wanda asalinsa ya koma 1760. Na shimfiɗa ƙarfen a kan katako mai laushi, na kankare ɓawon tsatsar da reza, na bi shi da samfefa da kananzir, ina gugawa daga gindi zuwa baki, ba a gicciye ba. Wuni guda na yi. Ƙarfen bai koma fari ba, ya tsaya a toka-toka da 'yan ramuka, amma ya yi santsi, santsin kuwa shi aiki ke buƙata.

Gyaran haƙora mataki uku ne, kuma ba a tsallake ɗaya. Na farko daidaitawa: ana matse ƙarfen tsakanin katako biyu, a bi saman haƙoran da shimfiɗaɗɗen magagari har kowane haƙori ya nuna ɗan ɗigon haske a tsininsa. Wanda bai nuna ba gajere ne, ba ya taɓa katako, 'yan'uwansa ke yi masa aiki. Na biyu karkatarwa: haƙori ɗaya dama, na biye da shi hagu, kuma rabin sama kaɗai ake lanƙwasawa. Dalili shi ne tsagar da zarto ke yi ta ɗan fi kaurin ƙarfensa faɗi, in ba haka ba katako ya cije shi ya ƙi motsi. Na uku wasawa da magagari mai kusurwa uku, wanda kowace kusurwarsa digiri 60 ce, daidai da gurbin da ke tsakanin haƙori da haƙori. Ana gagarawa har ɗigon hasken nan ya ɓace, a tsaya nan take. Tsawon zarton inci 26 ne, haƙora 8 a kowane inci, wato sama da haƙora 200. Wajen karkatarwa na yi gaggawa, na tura wani haƙori ɓangaren da ba nasa ba, ya ɓalle. Giɓin yana nan har yau.

Irin wannan gyara ba ya yiwuwa ga yawancin zartunan da ake sayarwa yanzu masu mariƙin roba. An ƙona haƙoransu sun yi baƙi, sun fi magagari tauri, in sun dakushe sai a yar. Shi ya sa masu iya magana suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

Da na mayar da mariƙin na ja zarton a kan katako, ya shiga ba gardama. Amma kafin in gama yanka na goma, bororo ya fito mini a tafin hannu, layin kuma sai kaucewa yake yi. Na duba itacen da kyau, sai na gane abin da na sani tun ina yaro amma ban taɓa haɗa shi da zarton ba: Kawu bahago ne. Zarto ana riƙe shi da yatsu uku, manuniya ta miƙe a gefen mariƙi tana nuna hanya, babban yatsa ya zagayo ta ɗaya gefen. Kawu ya sassaƙa doguwar kwarmi a gefen hagu domin manuniyarsa, ya bar tudu a gefen dama inda babban yatsansa ke kwanciya. Tudun nan ne ke cin hannuna. Shekaru da gumi sun mayar da wuraren baƙi sumul, har ana iya ganin inda kowane yatsa nasa ya zauna.

A nan na ajiye aiki. Ɗalibin Hausa ya san ɗafa-goshin ma- yana fitar da sunan mai yin abu, yana kuma fitar da sunan abin da ake yi da shi. Daga riƙe aka sami kalma biyu da rubutu bai bambanta su ba, sai karin sauti. Mariƙi mai sauti sama a gaɓoɓinsa uku shi ne abin da hannu ke kamawa. Mariƙi mai sauti ƙasa a gaɓar tsakiya shi ne mutumin da ya riƙe yaro ya rene shi. Kawu bai taɓa ce wa na zarto ƙota ba, ƙota a wurinsa ta fartanya ce da gatari da gizago. Ga shi ina zaune, na farkon yana hannuna, shi kaɗai ne abin da ya rage mai siffar hannun na biyun, kuma ba zan iya aiki da shi ba sai na share siffar.

Akwai kuma maganar hakki. Ɗan 'yar'uwa ba ya cikin masu gado in akwai 'ya'ya, zarton na magada ne. Da dare na kira matar Kawu a Damagaram.

Na ce, "Inna, zarton Kawu ne nake son in taɓa. In na sassaƙa shi ba zai koma yadda ya bar shi ba."

Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ɗan nan, ai tun ranar rabo 'yan'uwanka suka ce kayan aikin naka ne. Kuma shi ma da ya saye shi a gwanjo ba haka ya same shi ba. Ina zaune ya kwana biyu yana fafe shi da wuƙa, yana cewa an yi shi don hannun wani."

Babban ɗansa, taubashina, ya karɓe wayar yana dariya, wai in na lalata zarton sai na biya shi da rago.

Washegari na kama sassaƙa. Ƙahon da ya karye na daidaita bakinsa, na manna masa guntun kirya da gam, daga wata karyayyar taɓarya da maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi ta ba ni. Ƙahon nan ba ado ba ne, shi ke zaune a kan hannu yana hana bakin zarto nutsewa. Tudun dama kuwa na riƙa rage shi da magagari kaɗan-kaɗan. Nakan shafa alli a tafina in kama mariƙin, inda alli ya fi kamawa nan nake ragewa. Abin da aka cire daga itace ba ya komawa, don haka duk guga biyar sai in tsaya in gwada. Baƙin gumin Kawu ya riƙa zuba ƙasa yana barin farin itace. Ban ji daɗin kallonsa ba, amma ban tsaya ba.

Kwarmin hagu ban taɓa shi ba. Da na gwada riƙo sai na ga babban yatsana yana sauka daidai a farkonsa, ba ya hana ni komai. Na shafa wa itacen mai sau uku cikin kwana uku, ya sha, tsagogin suka rufe, kusoshin suka kama.

Ƙofofin sun kammala saura kwana biyu biki. Mai gida ya shafa gefen katakon ya ce, "Usta, da wane inji ka yanka?" Na nuna masa zarton a rataye a cikin shago, nesa da tanki. Kiryar ja ce, tsohon itacen fari-fari, kowa ya duba zai ga mahaɗar. Akwai wurin da har yanzu mariƙin ya ɗan fi hannuna kauri, na so in ƙara ragewa, sai na fasa. Wanda zai karɓa bayana zai buƙaci itacen da zai sassaƙa.