Ƙaron Dakwara da Kurtun Malam

Da zarar hunturu ya kankama, dakwara ta zubar da ganye, mu yaran ƙauyukan da ke tsakanin Gumel da Sule Tankarkar sai mu bazama daji tsintar ƙaro. Tsaga bishiya aikin manya ne. Mu inda akuya ta ɓantare ɓawo muke leƙawa. Sai ka tarar ya daskare a jikin reshe, ɗan dunƙule ja-ja mai ɗaukar ido, waje ya bushe, ciki da sauran danƙo. Rabi na baki, rabi na Malam.

Shi kuwa Malam tawada yake yi. Ya daka gawayi ya yi lukwui, ya jiƙa ƙaro ya kwana, ya tace da tsumma, sannan ya haɗa a kurtu. In ƙaro ya yi kaɗan, rubutu na bushewa zai kakkaɓe maka a hannu. In ya yi yawa, alƙalami ya riƙa tafiya da ƙyar, allo yana manne wa riga. Ba ya awo. Ɗan yatsa yake tsomawa ya murza, shi ke nan. Da ƙaron nan ne kuma mai zayyana ke kwaɓa ja da rawaya in sauka ta matso.

Sai da na girma na karanta cewa masu zanen fenti a Ingila, irin su Reynolds da Turner a ƙarni na 18 da na 19, su ma da ƙaro suke aiki, na bishiyar mastik da ake samu a tsibirin Kiyos na Girka. Narka shi ake yi a gauraya da mai, ya kama jiki kamar man shanu, fenti ya yi santsi da sheƙi. Da shekaru suka ja, zane da yawa ya yi duhu ya tsattsage. Nasu ba ya jin ruwa, don ya dawwama aka yi shi. Namu ruwa ke narka shi, kuma haka muke so: a wanke allo a ɗora sabon karatu, ko a wanke wa marar lafiya rubutu ya sha.

A zamanin Gwamna Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, an yi ta dashen dakwara a Jigawa, ana maganar fitar da ƙaro ƙetare ta Maigatari, don masu lemon kwalba da alewa na nemansa. Ƙanena da ke noma a wajen Gagarawa yanzu a buhu yake lissafinsa. Amma har gobe in ya tara, sai ya ware mudu guda ya aika wa makarantar allon unguwarsu.